Ɗigo Huɗu a Jikin Pampo

A shekarar da na zauna jarrabawar birbe, ta kammala ƙaramar sakandare, tun kafin a karɓi takardar ƙarshe na riga na tsara yadda zan ci bakans ɗina, dogon hutun ƙarshen shekara. Zan kwanta a zaure in miƙe ƙafa, in ci dabino, in bar ƙwaƙwalwata ta huce kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Na gaya wa Inna cewa duk wanda ya nuna mini bik ko kaye, wato alƙalami ko littafin rubutu, kafin a koma aji a lakwal, suma zan yi a gabansa, kuma alhakina yana wuyansa. Kwana biyu na samu ina wannan sarauta. A rana ta uku Yayana ya shigo gida a kan moto, babur ɗinsa, ya ɗauro wasu kundaye uku a baya da igiyar roba, kowanne ya kai kaurin tubalin ginin tsohon gari. Ya sauke su a gaban Baba yana haki kamar wanda ya ɗauko raƙumi a ka.

Baba ajidan ne, muƙamin da ke gaba da saje, shi ne babban makanisiyan a garejin barikin soja. A lokacin yana gida don an yi masa aikin yanar ido. Ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan yana ganin mutum amma ba ya ganin rubutu. Likita ya ce ya huta. Hutun Baba shi ne ya zauna a kan tabarma yana sauraren duk motar da ta wuce a titi yana faɗin ciwonta. Wannan filtir ɗinta ya toshe. Waccan mai ita ba ya tsoron Allah. Har motar maƙwabcinmu mai sayar da gawayi sai da ta daina bi ta ƙofar gidanmu saboda kunya.

Yayana kuwa soja ne, sofer ne, wato direban motar ruwa. Saura kwana takwas ayarin motoci ya tashi zuwa arewa har Séguédine, na sojan ƙasa da na sojan sama da na jandarma duk a haɗe, kuma ruwan da kowa zai sha a hanya a bayan Yaya yake. Duk ɗan Agadez ya san abin da ke tsakaninmu da can. Rairayi ne da rana, sai rijiya ɗaya nan, wata kuma sai ka manta kamannin ruwa kafin ka kai gare ta.

Ga abin da ya kawo kundayen. Daga Yamai aka turo umarni cewa tunda motocin ɓangarorin nan uku gareji ɗaya suke shiga, hanya ɗaya suke bi, to tarihin gyaransu ma a haɗa shi a tabulo ɗaya, wato jadawali, kowa ya riƙa rubutawa iri ɗaya. An ɗora aikin a kan wani lutina, wato laftanan, saurayi mai kwamfutar da muke kira ordinater. A ɗakin ajiyar kayan gyara kuma akwai sabon pampon gazuwal guda ɗaya tak, abin nan da ke tura man dizal cikin moter, wato injin mota, wanda idan ya mutu mota ta zama ɗaki mai taya. Lutina ya ce sabon pampon zai tafi ga motar da tabulo ya nuna ta fi bukata.

Tun kafin a yi masa aiki Baba ya saurari motar Yaya ya ce pamponta ya gaji, ba zai ƙetare hamadar Tenere ba. Amma kundin motar ya ce watanni kaɗan da suka wuce aka sa mata pampo, don haka a cikin ordinater pampon jariri ne, ko yaye shi ba a yi ba. Lutina ya zo dubiya, ya zauna a zaurenmu, ya sha shayi har kofi na uku, sannan ya ce cikin ladabi:

"Mon ajidan, wallahi ban raina kunnenka ba. Amma babu gurbin kunne a tabulo. Ka nuna mini a rubuce, in sa hannu nan take."

Shi ya ba da izini a kawo tsofaffin kundayen gida, da takardun tabulo waɗanda ba a cika ba.

Ina kwance ina tauna dabino na ji Baba ya ce, "Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka, kuma duk ranar da ya faɗe shi da taushi to aiki ne ke biye.

"Na'am, Baba."

"Zo ki ara mini idonki."

"Baba, idona yana bakans."

"To ki tashe shi, ki ce masa an soke."

Na buɗe kundin farko, na sojan ƙasa. Da kilometir suke lissafi. Shafukan sun sha baƙin mai har sun yi nauyi, wani wuri kuma akwai sawun gwangwanin sardin. Matsalar ita ce kontar ɗin rabin motocin, wato agogon da ke ƙirga tafiya, ta mutu tun kafin a haife ni, sai kowane sofer ya rubuta abin da zuciyarsa ta ba shi. Na biyu na sojan sama ne, tsaf-tsaf, an ja layi da jan bik. Su ba ruwansu da kilometir, sa'o'in da moter ya yi yana aiki suke ƙirgawa, kuma kowane ƙarfe sai sun rubuta nimeronsa, lambar da ke jikinsa. Da da hali, ƙudan da ya sauka a kan mota ma sai sun ba shi nimero. Na uku na jandarma ne, su kuma da kwanan wata da tafiya suke auna komai: bayan dawowa daga In-Gall, kafin zuwa Tchirozérine, sati biyu bayan Sallar Layya. Wanda ya riƙe kundin a wata shekara, rubutunsa kamar zakaru biyu sun faɗa cikin tawada sun yi dambe a kan takarda.

Na ce, "Baba, mutanen nan ƙasa ɗaya suke yi wa aiki kuwa?"

Ya ce, "Karanta, ki cika."

Ranar farko na yi abin da kowace yarinya mai hankali za ta yi. Inda na ga lamba na kwafe, inda ban gani ba na ƙirƙiro. Ina da baiwa a wannan fanni, mushenmu, wato malaminmu na lissafi, zai ba da shaida. Kafin la'asar na cika shafi shida, babu gurbi ko ɗaya a buɗe, tabulo ya yi kyau kamar zanen lalle. Na riga na fara tunanin komawa wurin dabinona.

Baba ya ce, "Karanta mini na ƙaramar motar jandarma, mai ƙofar da ba ta rufuwa."

Na gyara murya na karanta masa cewa an yi mata bidanj, wato canjin baƙin mai, bayan ta dawo daga Teguidda, na faɗi wata da rana.

Ya ɗago kansa. Sannan ya ce, "Uwata, a watan nan motar nan a kan duwatsu take, ba ta da taya ko ɗaya. Kaza ma ta yi ƙwai a kujerar sofer. Da me ta je Teguidda?"

"Wataƙila kazar ce ta tuƙa."

Inna tana tsince shinkafa a gefe, ta tuntsire da dariya har ta ɓarar da rabin faifai. Baba bai yi dariya ba. Bai yi faɗa ba kuma, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya juyo da idonsa mai gani wajena ya ce:

"Idan motar yayanki ta tsaya a tsakiyar Tenere, lambobin nan naki za su sha?"

Na ɗauki shafukan shida na yayyaga su, na zuba a murhun shayi. Daga ranar muka kafa doka: inda ba a sani ba, a rubuta ba a sani ba. Na rantse a zuciyata cewa ko hannuna zai tsinke ya faɗi, sabon pampon nan a motar Yaya zai kwana.

Muka shiga aiki. Da safe bayan koko, sai azahar, sannan daga la'asar har rana ta sauka bayan hasumiyar babban masallaci. Ni ina karantawa, Baba yana fassara mini abin da makanisiyan yake nufi idan ya rubuta kalma biyu da zanen kibiya. Zafi kuwa kamar an kife mana tanda a ka. Gumina ya ɗiga a kundin sojan sama, na ji tsoro kada su zo su ba shi nimero.

A rana ta uku da fara aikin na ajiye bik na ce, "Baba, akwai abin da ban gane ba. A kundayen nan kowa sa pampo yake yi. Nan an sa, can an sa. Kamfanin pampo kuke da shi a bayan gareji?"

"Sababbin da suka zo tun ina wurin, da yatsun hannuna zan ƙirga miki su."

"To sauran fa, daga sama suke faɗowa?"

Sai ya gyara zama. Ya ce a wajensu idan mota ta mutu ba a binne ta, rabon gado ake yi. Wannan ya ɗauki batir, wancan ya ɗauki radiyater, mai rabo ya sami pampo. Ba laifi ba ne, hakan ne ya sa motoci suke tafiya har yau. Amma kowane kundi motarsa yake bi. Ranar da mota ta mutu sai a rufe shafinta, pampon ya koma wani shafi, sau da yawa ma wani kundi na wani ɓangare, a rubuta ranar da aka sa shi, shi ke nan. Babu wanda ya yi ƙarya, kowa abin da ya faru da motarsa ya rubuta. Ordinater kuma daga ranar nan take fara ƙirga shekarunsa.

Na ce, "Wato tsohuwa ta tashi daga unguwarsu ta koma wata, sai a yanka mata ragon suna."

A karon farko tun da aka yi masa aiki Baba ya yi dariya, har sai da ya dafe audugar idonsa. Da ya lafa sai ya ce akwai abu ɗaya da zai taimake mu. Shi a unguwar maƙera ya girma, inda kowane maƙerin azurfa yake buga alamarsa a bayan abin da ya ƙera. Daga nan ya ɗauki wata al'ada: duk ƙarfen da aka ciro daga wata mota za a kai wata, sai ya sa ƙusa da guduma ya buga masa ɗigo ɗaya a gefe. Yaransa na gareji ma haka ya koya musu. Pampon motar ruwa ba shi ya ɗaura ba, lokacin idon ya riga ya fara damunsa, don haka bai san ɗigo nawa ne a jikinsa ba. Sai an je an duba, a kwafo nimeron kuma.

Nan rigima ta tashi, domin Yaya ya ce shi ba zai duba ba. Wannan ce tafiyarsa ta farko zuwa arewa a matsayin babban sofer, ya yi wata guda yana goge takalmi. Tsoronsa kada a ce motarsa ba ta da lafiya a bar shi a bariki, wani ya tafi da wata.

Ya ce da ni, "Ke madam sakatare, wa ya aike ki? Motata lafiyarta lau. Jiya na taka ta har ƙofar gari, kamar amarya."

"Amarya mai jikoki."

"Zan ɗaure ki a saman tanki in kai ki Libiya in sayar."

"Ba za ka kai ba, a hanya za mu tsaya."

Ya ɗago hula zai jefe ni, na ɓuya a bayan Inna. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta janye kwanon furar da ta dama masa, ta rufe da faifai, ta ɗora turmi a kai.

"Kai, babanku ya ce ka duba. Idan ka duba, ga furarka. Idan ba ka duba ba, akuya za ta sha."

"Haba Inna, soja guda za a yi wa horo da fura?"

"Ni na haifi sojan."

Washegari da azahar ya dawo da wata takarda duk maiƙo. Ya ɗora ta a jikin pampon ya goga kirayon, wato fensir, sai ga nimero ya fito, lambobin ƙarshe biyu sun ɗan cinye. A gefe kuma ɗigo huɗu a jere. Ya jefa mini ita a cinya, ya wuce wajen turmi.

Ɗigo huɗu, gida biyar ke nan har da na fari. Na ɗauki kundin sojan sama, tunda su kaɗai ke rubuta nimero, na bi shi layi-layi da yatsa. Idona ya yi ja, wuyana ya sandare har na ɗauka haka zan je aure ina kallon ƙasa. Wajen la'asar na same shi. Da ihun da na yi, tantabarun maƙwabta sai da suka tashi. Pampon sabo ne ya zo a cikin wata babbar kamyon, motar ɗaukar kaya ta sojan sama, shekaru da dama baya, ga sa'o'insa a rubuce da jan bik, ga ranar da aka cire shi bayan kamyon ɗin ta mutu.

Daga nan sai bin sawu. Na ɗauki ranar na shiga kundin jandarma, na laluba makon. Cikin damben zakaru na tsinci layi ɗaya: an sa pampo, daga wajen ƴan sama. Ɗigo na ɗaya. Motar jandarman ta yi ta zirga-zirga da shi, In-Gall, Tchirozérine, Teguidda, har akwatin bitesinta, wato giyarta, ya watse. A satin da ta tsaya, kundin sojan ƙasa ya nuna wata kamyon ɗinsu ta sami pampo. Ɗigo na biyu. Na huɗu kuma mun san shi, motar Yaya ce. Na uku ne ya ɓace. Tsakanin ranar da kamyon ɗin sojan ƙasa ta mutu da ranar da aka ɗaura wa motar ruwa, akwai watanni masu yawa da babu kundin da ya san inda pampon ya kwana.

Kafin mu nemi na uku sai da muka yi fama da haɗa lissafi, domin sa'a da tafiya da kilometir ba sa zama a kwano ɗaya. Tafiye-tafiyen jandarma sun zo da sauƙi, Baba ya san nisan kowane gari kamar yadda ya san hanyar masallaci, ni kuma na ninka. Sa'o'in ƴan sama ne suka ba mu wuya. Na ce mu ninka da gudun mota a kan kwalta, lamba ta fito ƙatuwa ta tsorata lutina. Baba ya ce a'a, sa'a ɗaya a cikin rairayi ba ta kai rabin tafiyar sa'a ɗaya a kan kwalta, wani lokaci ma mota a tsaye take moter yana aiki. A ko'ina mu ɗauki mafi ƙanƙanta, kada a ce mun ƙara gishiri. Ni da nake ƙara wa labari gishirin da ya fi na Teguidda yawa, wannan doka ta yi mini ciwo har cikin ƙashi. Amma na bi. Muka bar sa'o'in a gurbinsu, muka rubuta kimarsu a gefe da kirayon, don duk mai shakka ya sake lissafi da kansa.

Kwana biyu na yi ina neman ɗigo na uku. Na bi kundayen daga farko zuwa ƙarshe, na juya su daga ƙarshe zuwa farko, na ɗaga shafuka a rana ko an goge wani abu. Akwai wata motar jandarma da aka sa wa pampo a daidai tsakanin, ba a faɗi daga inda ya fito ba. Da na sa ta, komai ya haɗu, lambar ta yi tsalle. Na ɗora bakin bik a gurbin. Baba yana gyangyaɗi, Inna tana madafa, babu mai ganina. Na daɗe a haka har tawada ta yi ɗan tabo. Sannan na rubuta ba a sani ba, na rufe kundin da ƙarfi har Baba ya farka ya ce wa ya harba bindiga.

Saura matsala ɗaya. Tabulon Yamai yana da gurbin ranar da aka sa ƙarfe, amma ba shi da gurbin inda ƙarfen ya fito ko aikin da ya riga ya yi. Na rasa inda zan zuba wahalata ta kwana shida. Sai na yanko farar takarda daga kayena na lakwal, na jiƙa ƙaro a murfin kwalba, na manna ta a gefen tabulon ta yi masa jela. Na ja layi da regil, na jera gidajen pampon ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta bakwai da safe muka hau kabu-kabu biyu zuwa bariki, Baba da kakinsa da audugarsa, ni da hijabina na Juma'a da tabulo a cikin leda. Dole in je, tunda ni ce idon. A ƙofa sojan da ke gadi ya ƙame wa Baba, ni ma na ɗan ɗaga kai kamar da ni ake.

Biron lutina, wato ofishinsa, ƙarami ne, fanka tana juyawa kamar ba ta ci abinci ba. Ya miƙe ya gaida Baba, ya ba shi kujera. Na shimfiɗa tabulon a gabansa, jelar ta zarce bakin tabul tana lilo.

"Wannan fa mene ne, ƙanwata?"

"Jela ce, mon lutina."

"Tabulon Yamai ba shi da jela."

"Shi ya sa bai ga pampon ba."

Baba ya taka mini ƙafa da takalmin soja, na ji har a haƙorina. Ya ce, "Yi haƙuri, mon lutina, bakinta ya riga hankalinta girma. Uwata, karanta masa a hankali."

Na karanta. Kamyon ɗin ƴan sama, sa'o'i kaza, shafi kaza. Motar jandarma, tafiya kaza. Kamyon ɗin sojan ƙasa. Duk inda na faɗa sai ya buɗe kundin ya duba da kansa, ya sa yatsa a kan layin. Tun yana tsaye har ya zauna. Da muka zo gida na huɗu ya tsaya.

"Nan babu komai."

"Ba a sani ba ne."

"Ba ki kimanta ba?"

"Akwai wata mota da ta yi kama, ga shafinta. Amma ba a rubuta daga ina pamponta ya fito ba, don haka ban sa ba."

Ya dube ni, ya dubi Baba. Ya jawo wani littafi na kamfanin da ya ƙera motar, ya nemo iyakar aikin da pampo ya kamata ya yi kafin a sauke shi, ya danna lambobina a ordinater. Ko da aka bar watannin da ba a sani ba a waje, kuma aka ɗauki mafi ƙanƙanta a ko'ina, pampon ya wuce iyakar tun yana gidansa na uku.

Ya tashi ya fita. Ta taga na hango shi ya nufi motar ruwa, ya sa an buɗe, ya cusa kai da kafaɗa cikin moter da kakinsa mai guga. Yaya yana tsaye a gefe a ƙame, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci. Lutina ya dawo da baƙin mai har a kunne, ya ce, "Huɗu ne." Ya jawo takarda ya sa hannu.

Yaya ya leƙo ta ƙofa ya ƙame. "Mon lutina, motata za ta tafi?"

"Idan an gama ɗaura sabon pampo kafin la'asar, za ta tafi. Me kake jira?"

Ban taɓa ganin mutum ya yi gudu irin na ranar ba, takalmansa ma sai daga baya suka iske shi.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wata motar jandarma da tun farko aka so a ba pampon ita aka bari a bariki, sofer ɗinta ya yi sati guda idan ya hango Baba sai ya tuna yana da aiki a wani gefe. Jelar kuma lutina ya ce ba shi da ikon ƙara gurbi a tabulo da kansa, tunda amfaninsa shi ne ya zama iri ɗaya a ko'ina. Ya ce zai rubuta wa Yamai ya nemi a ƙara wa kowa, ya cire jelar a hankali ya sa a cikin ambulan. Ko sun ƙara, ko tana can ƙarƙashin wasu takardu, ni ban sani ba.

Ayarin ya tashi washegari da sassafe. Daga nan gidanmu ya yi tsit. A hanyar babu rezo, waya ba ta shiga, babu wanda zai ce maka sun kai nan ko sun wuce can. Inna ta ci gaba da aikinta kamar kullum, sai dai telefon ɗinta ya koma zama a ƙullin zaninta, kuma sau biyu ta zuba sukari a miya. Ni na koma zaure na kwanta, amma na kasa jin daɗin kwanciyar. Sai in riƙa tunanin ko na yi kuskure a wani layi, ko akwai wani ƙarfen a motar mai ɗigo goma da babu wanda ya duba.

Ranar da kiran ya zo, bayan azahar ne, muna cin shinkafa da wake. Inna ta kwance ƙullin zani ta ciro telefon, ta danna, ta sa a babbar murya. Muryar Yaya ta fito tana yankewa. Sun isa Séguédine. Taya biyu sun fashe, wata ƙaramar mota ta kafe a rairayi sai da aka yi rabin yini ana tona ta, leɓensa ya tsage, amma motar ruwa ko tari ba ta yi ba, kowa ya sha har an yi alwala.

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ci gaba da cin abincinsa, sai dai cokalin ya yi ta zuwa baki babu komai a ciki.

Na fizge telefon na ce, "Yaya, ka ce na gode."

"Wa ke magana? Ba na ji, rezo ba kyau."

"Ƙarya kake, yanzu ka ji Inna!"

"Allo? Allo?" Ina jin dariyarsa da ta abokansa kafin ya kashe.

Inna ta karɓi telefon ɗin ta riƙe shi da hannu biyu, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Da ta tashi sai ta shiga madafa ta hura wuta, ta kwaɓa ƙullun wainar masa da ta ajiye don gobe, ta soya cike da kwano. Ta ce in kai ƙofar gida in kira yaran unguwa, sadaka ce. Na ɗauka na tafi, kuma kafin in kai zaure na ci rabona da na wasu mutum biyu.